Koyon Faɗuwa a Teburin Baba

Ni ba 'yar karta ba ce, ban kuma taɓa zaton zan zama ba. Tela ce ni, shagona yana bayan kasuwar Kafanchan, kuma ina cikin zumuntar mata a cocinmu, inda ake yi wa karta kallon da ake yi wa burkutu. Duk da haka akwai lokacin da na duƙufa koyon poka kamar mai shirin jarrabawa, har tsofaffin da suka yi furfura a kan wasan suka yarda na iya. Saboda Baba na koya.

Baba direban jirgin ƙasa ne, ya ajiye aiki tun kafin jirgin ya daina zuwa. Gidanmu yana gefen tsohon kwatas na reluwe, wajen da yanzu ciyawa ta rufe dogo, awaki suke kiwo a kai, mata suke shanya citta a gefe. Tun ina ƙarama, kowace Laraba da Asabar da yamma ake fito da tebur baranda, abokan Baba su zo. Sun ce wani injiniya Bature ne ya bar musu wasan a loko, wajen gyaran jirage, su kuma suka riƙe shi fiye da yadda suka riƙe haƙoransu. Kuɗi ba ya hawa teburin, Mama ta yanke wannan hukunci tun farkon aurensu. Da marafan kwalba ake yi, a raba wa kowa, in an tashi a mayar da su cikin tsohon gwangwanin madara.

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Kowa a ba shi karta biyar. Ka duba, in ka ga hannunka da ƙarfi ka tura marafai tsakiya, sauran su bi ka ko su ƙara. Sai a ba ka dama sau ɗaya ka zubar da waɗanda ba ka so, a canza maka wasu. A sake turawa. Wanda ya tsorata ya kife kartarsa ya fita, ba dole ya nuna wa kowa ba. Waɗanda suka rage su buɗe, mai ƙarfi ya kwashe. Biyu iri ɗaya sun fi babu, uku sun fi biyu, haka har sama. Kartar da ta fi kowace girma ita ce as, sai sarki, sai sarauniya. Rabin wasan kuwa burga ce, mutum ba shi da komai a hannu amma ya tura marafai da ƙarfin hali har mai abin kirki ya gudu.

Baba shi ne gwanin teburin, kuma ba don karta na sonsa ba. Fuska yake karantawa. Sai ya ɗan kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Ba ka da komai," kuma ba ka da shi ɗin. Su huɗu ne a da, ɗaya ya koma wajen 'ya'yansa a Gwantu, saura uku har da Baba. Akwai Papa, wanda iyayensa suka zo daga ƙasar Ibo aikin reluwe, aka haife shi a nan, ya yi aikin ɗaga wa jirgi tuta har ya tsufa. Akwai kuma Tica, tsohon malamin firamare, mutum mai kirki har ya yi yawa, wanda duk abin da ke zuciyarsa yana rubuce a goshinsa.

Bayan Mama ta rasu Baba ya fara mantuwa. Da farko mun ce baƙin ciki ne. Sai ya zuba gishiri a shayi, sai ya tambaye ni ko Mama ta dawo daga kasuwa. Wata safiya aka same shi a tasha sanye da tsohuwar rigar aiki, yana tsaye yana duba agogo. Likita ya ce cutar mantuwa ce ta tsufa, ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa. Baba ya daina zuwa sujada, ya bar ɗan lambunsa ya mutu, ya koma kwanciya da rana yana kallon rufi. Amma ranar Laraba da Asabar, ban san yadda yake gane su ba, sai ya tashi da kansa, ya yi wanka, ya aske gemu, ya cinye paten da na dafa har ya nemi ƙari, ya fito baranda yana jira. Ranakun nan biyu su ne suke riƙe da sauran biyar ɗin.

Sai ya fara faɗuwa a wasan. Yana rikita shida da tara. Yakan manta ya riga ya canza karta, ya sake miƙa hannu. Idon da ke karanta fuska yana nan daram, lissafin ne ya gudu. Ina jin su daga kicin, ina jin yadda dariyarsa take raguwa daga mako zuwa mako.

Tica ne ya kasa jurewa. Wata Laraba ya sami sarauniya uku, Baba ya tura marafai, sai Tica ya yi wata ajiyar zuciya irin ta 'yan wasan kwaikwayon Kirsimeti, ya kife kartarsa. Ina tsaye da jug ɗin kunu, ni kaina da ban san wasan ba na gane ƙarya ce.

"Buɗe," in ji Baba.

"Haba, ai na fita."

"Na ce ka buɗe."

Tica ya buɗe. Baba ya daɗe yana kallon sarauniyoyin nan. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ture marafan daga gabansa a hankali ya ce, "Ni ba maroƙi ba ne. Ban zo a ba ni sadaka a gidana ba." Ya tashi ya shiga ɗaki ya ja labule.

Asabar ta zo bai fito ba. Laraba ma haka. Gemu ya cika masa fuska, abinci yana dawowa yadda na kai shi, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Ni mai auna jikin mutane ce, ba sai an faɗa mini mutum yana ramewa ba. Na tare Tica a bakin coci na wanke shi tas, dattijon da ya koya mini karatu, ya tsaya yana murza hula yana ba ni haƙuri. Tsoro ne ya sa, domin na ga Baba ya kama hanyar bin Mama.

Papa ne ya zo shago ya same ni. Ya ɗauke yadin wata amarya daga kan benci, ya zauna, ya daɗe yana kallon keken ɗinki. Hausar Papa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Yarinya na, ka zo ka zauna a tebur," ya ce. "Ka je ka gaya ma Baban ka ya koya maka wasa. Ba zai ƙi ba. Mutumin nan yana son ya nuna shi ya sani."

"Papa, ni da karta? Sannan kuma in yi me?"

"Ka faɗi. Amma ka faɗi da kyau. Tica bai iya wasa sosai ba, shi ya sa aka kama shi. Wanda zai faɗi a gaban Baban ka bai gane ba, dole ya fi kowa iyawa. Ni zan koya maka a nan, shi ya koya maka a can."

Na shiga ɗakin Baba da yamma, yana kwance ya ba ƙofa baya. Na ce, "Baba, ina so ka koya mini poka."

Ya juyo. "Ke? Ai zumuntar mata za su ƙwace ɗankwalinki."

"Su ƙwace, ni na ɗinka musu shi."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ranar Asabar ya nemi reza.

Haka na shiga makaranta biyu. A baranda Baba yana koya mini, wani lokaci daidai, wani lokaci ya faɗi doka ɗaya iri biyu, ina cewa to. A shago kuma, da tsakar rana in kasuwa ta yi sanyi, Papa ya share teburin yanka, ya raba karta a tsakanin almakashi da alli. Ba shi da haƙuri ko kaɗan. In na riƙe karta biyar ina fatan abin da ba zai zo ba, sai ya bugi tebur ya ce, "Ka na addu'a ne ko ka na wasa?" Ya koya mini in lura da yawan kartar da kowa ya canza, domin wanda ya canza uku biyu iri ɗaya gare shi, wanda ya canza ɗaya yana farauta ne, wanda bai canza ba ko dai ya ƙoshi ko yana burga. Na riƙa kallon bidiyon Turawa a waya, masu wasa da baƙin tabarau cikin ɗaki kamar waɗanda ciwon ido ya kama. Na yi musu dariya, amma a wurinsu na koyi auna ko abin da nake jira ya cancanci abin da zan tura.

Fuskata ce ta fi ba ni wahala. Papa ya ce, "Idan ka samu as, ka na waƙa." Na ce ƙarya ne. Ashe gaskiya ne, da zarar hannuna ya yi kyau sai in fara gunaguni da waƙar coci ta hanci ban sani ba. In ya lalace kuma sai in gyara ɗankwali. Na koma gaban dogon madubin da kwastomomi ke duba ɗinki, in raba wa kaina karta, in ɗaga, in kalli matar da ke cikin madubin in ga me ta tona. Mace mai 'ya'ya a jami'a, tana tsaye tana koya wa girarta zama wuri ɗaya. Wata rana shugabar zumunta ta zo gwada riga ta tarar da karta baje a kan tebur. Ta fara da cewa ita ba don komai ba, amma mutane suna magana. Na ce mata ta ɗaga hannu in auna, kuma ta riƙe numfashi, tun da maganar tana ƙara mata faɗi. Ba ta sake kawo mini ɗinki ba.

Sai da na fara cin Papa a shago, ci na gaskiya, har ya ji haushi ya zage ni da yarensa, sannan ya ce yanzu za mu fara ainihin karatun. Dabarar farko ita ce kada in taɓa kife karta mai kyau. In na sami biyu ko uku iri ɗaya, lokacin canji zan zubar da su, in riƙe tarkace. Ta haka in Baba ya ce in buɗe, abin da zai gani ruɓaɓɓen hannu ne na gaske, tsorona ma na gaske ne. Ta biyu, kada Baba ya riƙa ci kullum. Dole in cinye shi a ƙananan zagaye jefi-jefi, in yi masa dariyar mugunta, ya harzuƙa, sannan babban ya tafi wurinsa.

Ta ukun ce mai ciwo. Dole na koyi karanta Baba. In yana burga da gangan, jikinsa yakan tsaya cak, ya kafe mutum da ido, a nan ana iya binsa a buɗe, ko ya faɗi zai yi dariya. Amma in leɓunansa suna motsi yana kallon kartar, to ya ɓace ne, yana ƙirga abin da ya ƙi ƙirguwa. A irin wannan lokacin ba za a bari a kai ga buɗewa ba, domin zai ajiye karta ya ce uku ne alhali babu ko biyu, ya gani a idonmu. Sai mu fita ɗaya bayan ɗaya, kowa da dalilinsa, Papa yana tsaki, ni ina gyara ɗankwali da gangan. Tica kuwa muka ɗora masa rabon karta, muka ajiye masa faranti cike da gyaɗa, don bakinsa da hannunsa su sami aikin yi.

Dabarar ta yi aiki. Baba ya mayar da jikinsa, ya koma tsokana. Yakan ce wa Papa, "Ka ga 'yata? Kan tela gare ta, sai ta auna sau goma ta yanka ba daidai ba." Wata Asabar na yi masa burga ta gaske, ba shiri, don in ga ko zan wuce. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Hancinki ya buɗe. Ba ki da komai." Ya bi ni, na buɗe, babu komai. Ya yi dariya har da hawaye. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, na kuma ji baƙin ciki a lokaci guda, domin a ranar na gane na kamu da son wasan, kuma mutumin da na fi so in gwada ƙarfina da shi ba zan taɓa gwadawa ba. Lokacin da yake da cikakken kansa ina kicin ina jin haushin sun cika mana baranda. Yanzu da na iya, rabinsa ne ya rage a kujerar.

Cutar ba ta tsaya don muna wasa ba. Leɓunan suka riƙa motsi kusan kowane zagaye. Wani lokaci ya riƙe karta fuskarta na kallonmu, Papa ya miƙa hannu kamar zai kore ƙuda ya juya masa ita. Wasan da a da ake yi da zafi ya koma tafiyar hawainiya, muna jira ya yanke shawara, ruwa na ɗiga daga bakin kwano. Ni kuwa kullum cikin tsoro nake. Ina zaune ina murmushi, amma hankalina yana kan abu ɗaya, kada yau ta zama ranar da zai sake cewa a buɗe ya ga abin da zai mayar da shi bayan labule. Na san in ya shiga wannan karon ba zai fito ba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce cikin damina, hadari ya haɗu tun azahar, garin ya yi duhu-duhu. Tica ya raba. Na ɗaga kartata na ga as uku. Ban damu ba, na saba, lokacin canji zan zubar da biyu. Sai Baba ya tattara duk marafan da ke gabansa da hannu biyu ya tura tsakiya, ya ce wanda ya isa ya bi shi a buɗe, tun ba a zo canjin ba. Tica ya buɗe baki zai tuna masa, Papa ya taka masa ƙafa. In aka ce masa ya tsallake mataki, an gaya masa ya manta ke nan.

Papa ya yi tsaki ya kife. Tica ya kife. Saura ni da as uku a hannu, ba hanyar zubar da su. Na yi duk abin da na koya. Na ɗan jima ina kallon marafan, na taɓa ɗankwali, na saki kafaɗa, na ce, "Baba, ka fi ƙarfina yau," na kife kartar a gefen tebur. Daidai nan iskar da ke gaban ruwa ta bugo baranda. Kafin in kai hannu ta ɗebe kartar ta watsa, as ukun nan suka faɗi a gaban Baba, a buɗe.

Ba wanda ya motsa. Tica yana riƙe da ƙwayar gyaɗa a bakin leɓe. Ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfi. Ina ta neman ƙaryar da zan yi, babu ko ɗaya da ta zo.

Baba ya ɗauki kartar ɗaya bayan ɗaya. Ya kawo su kusa da tabarau, ya kalle su, ya daɗe. Leɓunansa ma ba su motsa ba. Sai ya haɗa su, ya daidaita gefensu a kan tebur da kyau, ya miƙo mini.

"Ki riƙe kayanki da kyau, akwai iska," ya ce. Ya juya wajen Papa. "Na ci, ko?"

"Ka ci," in ji Papa.

Baba ya sa hannu biyu ya jawo marafan gabansa yana murmushi.

Abin da na yi ta jin tsoro bai faru ba, kuma da ma ya faru. Da ma ya ture marafan, ya zage ni, ya ce shi ba maroƙi ba ne. Ya kalli as uku bai san mene ne su ba. Duk zaman gaban madubi, duk zubar da karta mai kyau, babu sauran wanda zan ɓoye wa. Fuskar da na sha wahala na koya mata zama ta ƙwace mini, na fashe da kuka a nan kan tebur, a gaban iyayena maza, ban ko rufe ido ba.

Baba ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Sai ya ɗebo marafai kaɗan daga nasa ya turo gabana.

"Haba, don marafan kwalba?" ya ce. Ya dafa hannun Papa. "Ka riƙa koya mata mana. Kullum ana cinye ta, tausayi take ba ni."

"Zan koya mashi," in ji Papa.

Ya karɓi kartar daga hannun Tica, ya juya fuska wajen ruwan, ya daɗe yana cuɗa ta kafin ya raba.